Ni na fasa bakin Iya Hauwa

Assalamu alaikum. Ku ɓoye sunana, kuma don Allah ku kai ƙarshe kafin ku tsine mini.

Ni dillalin bandar kifi ne a Injamena. Daga bakin tafki nake saro shi cikin kwalaye, mata su sara a wurina su kasa a tire. Banda kuwa ƙwari ne ajalinta, kafin mota ta iso gari rabin kwali ya zama gari. Sai na koyi yayyafa maganin ƙwarin auduga kafin in ɗaure kwali. Na san guba ne? Na sani. Cewa nake ai za a wanke da ruwan zafi.

Iya Hauwa maƙwabciyata ce a unguwar Ambassatna, bazawara, a wurina kaɗai take sari. Wani gida a unguwar Farcha suka yi miya da kifinta, yara suka kama amai da kumfar baki, ƙaramar ta rasu. Dangin suka dira kasuwa da sanduna. Suka kifar da tirenta, suka ja ta a ƙasa, zane ya kwance, wani ya taka mata hannu har na ji ƙas! Tana ta ihu, “Wallahi ban zuba komai ba!” Sai idonta ya faɗo kaina cikin taro. Ta miƙo hannu ta ce, “Alhaji, faɗa musu, ai daga wurin…”

Jama'a, ban san sanda na wawuri wani guntun itace ba. Na maka mata a baki, ina ihun “Muguwa!” don kada ta ƙarasa. Haƙora suka zube, jini ya wanke mini riga. Uban yarinyar har dafa ni ya yi yana cewa barakallahu. Wane irin dabba ne ni?

Yanzu tana asibiti, an ɗaure muƙamuƙinta da waya, kunu take zuƙa da tsinken roba. Matata, da ba ta san komai ba, ita ke dama mata. Ta tilasta mini na je dubiya. Iya Hauwa ta kalle ni, hawaye na bin kuncinta, ta nuna wayar bakinta, sannan ta nuna ni.

Likita ya ce an kusa kwance wayar. In na yi shiru za ta faɗa, in na faɗa mutanen Farcha za su yanka ni. Sauran kwalayen suna nan a shagona, mata na ta zuwa sari ina cewa kaya ya ƙare.

Me zan yi?