Kifayen da Na Ɗauko Miki Daga Akazawa

Zuwa ga Kinuye, hasken idona, garwashina a tsakiyar hunturu, furen kan dutse wanda ba ya buɗewa sai ya ga dama, ruwan sanyin da nake sha tun ina saurayi har yau bai kashe mini ƙishi ba. Gaisuwa daga mijinki Genzo, idan har yanzu kina tuna kina da miji.

Shekara da shekaru ina riƙe da magana ɗaya a maƙogwaro kamar ƙayar kifi, ta ƙi wucewa, ta ƙi fita. Duk sanda ƙanƙara ta fara narkewa, masu kula da kogi suka manna takardarsu a ƙofar shagon Rokuro, wai suna neman ma'aikatan da za su yi musu aiki har zuwa zubar ganye, ke ce ta farko wajen kai suna. Mace mai jikoki! Ki ƙulle kayanki, ki ɗauki takalmin robar nan mai kaiwa ƙirji, ki gangara tsohuwar makarantar da aka rufe, ki tare a can tare da yaran birni. In tsaya a bakin ƙofa in ce, "Uwar Sanae, me na yi miki?" Ki ce, "Tsoho, miya na kan murhu." Shi ke nan! Amsar da nake samu ke nan kowace shekara. Miya na aura, ko ke?

Kada ki yi wa rubutuna dariya. Makarantar da kike kwana a ciki ni ban taɓa taka ta ba. Lokacin da tsarata suke kan benci, ina bayan mahaifina a dawa muna ƙona gawayi. Waɗannan baƙaƙen da kike gani kamar kaza ta yi tono, ke kika koya mini su da guntun gawayi a bayan ƙyaure. To ga su sun dawo miki.

Ya ke sanyin zuciyata, kin manta shekararki ta farko a gidan nan? An kawo ki daga Akazawa, bayan dutse, kina siririya kamar sabon tsiron gora. Mahaifiyata ta ɗanɗana miyarki ta ajiye cokali, ta ce, "Mu dai ba mu saba auro daga bayan dutse ba. Ko gishirinsu baƙo ne." Kika kwashe kwanuka kamar ba ki ji ba. Amma na same ki a bakin kogi wurin wanki, hawaye na ɗiga cikin ruwa, kina kallon kifin iwana da ke wucewa a ƙarƙashin dutse. Kika ce mini, "Ko kifin garinku bai san ni ba. Namu masu farin ɗigo ne kamar ƙanƙarar farko. Naku jan ɗigo gare su, kamar idon surukata."

Wane namiji ne zai ji wannan ya zauna? Na ɗauki bokitin katako na tsallaka dutse. Mahaifinki ya dube ni kamar mahaukaci, amma ya taya ni kama kifayen nan masu farin ɗigo. Na goyo su a baya, na rufe bakin bokitin da ganye, duk inda na ga idon ruwa in tsaya in sake musu sabo, igiya tana cin kafaɗata har ta fitar da jini. Tabon yana nan, zo ki taɓa. Kika tare ni a hanya, muka haura tare har saman Magangarar Biri, can inda ruwa yake faɗowa daga tsayin da babu kifin da ya taɓa hawa, inda gurbin ruwan yake kore shar, babu mai rai a cikinsa. Ke kika karkata bokitin da hannunki. Suka tsaya kamar ba su yarda ba, sannan suka watse. Kika tafa hannu kika ce, "Ga 'yan garinmu!" Kika yi dariya. Kinuye, ranar na fara jin dariyarki a ƙasarmu! Ta daki dutse ta dawo, tsuntsaye suka tashi. Ban taɓa mallakar wani abu da ya kai wannan rana ba, ban kuma nemi in mallaka ba.

Yanzu an ce wannan ranar ɓarna ce.

Shugabanku Tabuchi, mai gilashi da ladabin da ke ƙona rai, ya zo har gida ya durƙusa yana yi mini bayani. Wai ambaliya ta riƙa sauko da masu farin ɗigo, suka haɗa jini da na gida, har masu jan ɗigo na asali suna neman ƙarewa, alhali babu irinsu a ko'ina sai kwarin nan. Wai, "Baba, ba laifin kowa ba ne, a da ba a sani ba." Na ce masa, "Kai yaro, wa ya nemi ka yafe masa? Ka san ɗiyata Sanae? Rabinta Akazawa, rabinta nan. Je ka yanko gefen kunnenta ka kai birni a auna, kamar yadda kuke yankar wutsiyar kifi." Ya yi murmushi, ya shanye shayina, ya tafi. Shi ban riƙe shi ba, aikinsa yake yi, kuma bai san komai ba sai abin da ke cikin kwalba. Ke fa?

Na gan ki, ai. Ina laɓewa a bayan itace kamar ɓarawo a kogin da aka haife ni. Wani ya goya injin lantarki, ya tsoma sanda a ruwa, kifaye su taso a sume ciki sama, ke kuma kina biye da koma, hannunki da sauri kamar na yarinya. Mai jan ɗigo a lallaɓa shi, a auna shi, a mayar da shi ruwa kamar ɗan sarki. Mai farin ɗigo a jefa shi bokitin da ba a komowa. Kuma ke suke tambaya in sun rikice! "Kaka, wannan fa?" Ki duba sau ɗaya ki ce, "Baƙo ne." Baƙo! Daga bakinki! Ni da na yi shekara ban ci abinci da mahaifiyata a tabarma ɗaya ba saboda wannan kalmar. Ni da na fasa wa ɗan baffana baki a wurin biki don ya kira ki 'yar bayan dutse.

Rokuro mai bakin ganga ya ce ya ji kina gaya wa yaran, "Abin da hannuna ya ɓata, hannuna zai gyara." Ya faɗa mini yana auna mini gishiri, yana dariya, wai, "Genzo, ka yi hankali, in ta gama da kifi kai ne na gaba." Na bar masa gishirinsa na fito. Amma tun ranar kalmar take cina kamar gara. Ɓata? Me muka ɓata? Na sani masu jan ɗigo sun yi ƙaranci, ina da ido, ba sai mai gilashi ya gaya mini ba. Amma kifin da aka haifi kakan kakansa a ruwan nan, sai yaushe zai zama ɗan gida? Idan shi har yau baƙo ne, ke mece ce a wurin kanki? Ko dama duk zaman nan da muka yi, kina jin kanki a bokiti ne?

Da yamma ina ganin hayaƙi yana tashi daga harabar makarantar, iska tana kawo mini ƙamshin kifi da gishiri a kan garwashi. Na san waɗanda ake gasawa. Abu ɗaya nake son sani, ya ke wadda numfashinta ya fi mini iskar tsauni: kin ci?

Kun share kogin daga ƙasa, shekara bayan shekara, kuna hawowa. An ce ran Litinin za ku haura Magangarar Biri, ku gama da tushen. Ke kaɗai a cikinsu kika san hanyar da ke bi ta bayan dutsen, don haka na san wa zai shige gaba.

To ki sani, za ki same ni a can. Zan tsaya a tsakiyar gurbin, ruwa har gwiwa, da wandona na gida, ba roba ba komai. Na ji an ce ba a kunna injin in akwai mutum a ruwa haka. Sanyin zai shiga ƙashina, kin san yadda gwiwoyina suke, amma ba Tabuchi ba, ko gwamna ne ya zo ba zan fito ba. Murya ɗaya ce za ta fitar da ni.

Bokitin katakon yana nan, na sake masa ɗauri, na jiƙa shi ya daina yoyo. Idan kin ce lallai su bar kwarin nan, ban ƙi ba. Amma ba a kan garwashi ba. Mu kwashi abin da bokiti zai ɗauka, in goya, ki riƙe mini sanda, mu mayar da su Akazawa ta hanyar da suka zo, ko da zan yi ta da rarrafe. Idan kuma kin ce ranar nan kuskure ce tun daga tushe, dariyar ma kuskure ce, to ki tsaya a kan faffaɗan dutsen da kika tsaya a wancan lokaci, ki dubi idona, ki faɗa da bakinki a gaban yaranki. Zan fito, in ba ku wuri.

Amma ki amsa mini, Kinuye. Na tambayi kogi, na tambayi hoton mahaifiyata ina kunna mata turare, babu wanda ya kula ni. Saura ke. Ki amsa mini, kuma kada ki kuskura ki ce miya na kan murhu. Ta daɗe da hucewa.

Naki tun kafin ki yi dariya, naki ko kin jefa ni bokitin da ba a komowa,

Genzo