Duwatsun Kaka

Korgom

Yaya Maman Sani,

Assalamu alaikum. Ina wuni, ina karatu? Duk gida suna gaishe ka.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba sai Kaka. Injin da ka haɗa mana a garka yana aiki: da rana fano, farantin nan mai kama hasken rana, yana sa injin ya tura iska cikin butali, wato tukunyar ƙarfe, da safe iskar tana jawo ruwa daga rijiya. Amma tiyon ƙarfen da ke tsakaninsu zafi yake yi sosai. Ni kuwa ina jera duwatsu a kansa. Da la'asar sai in naɗe su a tsumma in ɗora wa Kaka a gwiwa. Tun da dutsen murhu ya ƙona ta bara ba ta yarda da na wuta, amma waɗannan ta karɓa. Yanzu tana iya yin sujada.

Ta ce in gaya maka: "Mijin nan nawa rowa gare shi, ko goro ba ya aikowa, amma ɗuminsa ya iso."

Sai dai iskar takan ƙare kafin fangalin ƙarshe na ganyen salati ya sha. Shi da guga nake ba shi ruwa. Ko duwatsuna ne suka jawo?

Ƙanwarka,
Rufaida

Maradi

Rufaida,

Wa alaikumus salam. Ki ce wa tsohuwar matata ta fara yin haƙora, sannan ta nemi goro.

Ba laifinki ba ne. In aka matse iska dole ta yi zafi, kuma zafin nan ƙarfinta ne yake tserewa. Ko ba duwatsunki, fiye da rabin zafin iskar waje ke kwashewa. Shi ya sa da safe tiyon yake yin sanyi har da raɓa.

Na samo dabara. Sabiru mai walda zai kawo tano, wato duro, cike da tsakuwa, ya bi da tiyon ta ciki. Tsakuwa za ta riƙe zafin, da safe ta mayar wa iskar. Ke kuma ki lulluɓe sauran tiyon da buhu da laka, kada ki bar ko'ina a buɗe. In aka yi haka, ke da guga kun rabu, hannuwanki su huta. Na ga kantar da suka yi da na zo hutu, ɓoyewa kawai kike yi.

Kaka kuma zan nemo mata man shafawa.

Allah ya bar mu tare,
Yayanki Maman Sani

Korgom

Yaya,

Ina gaisuwa. Sabiru ya zo ya gama, ruwa ya ƙaru ƙwarai, mun gode.

Na shafe tiyon da laka, amma na bar kamu ɗaya kusa da injin, daidai wurin duwatsu. Rabin fangali ne kawai ya rage wa guga, kuma na saba.

Kaka ba ta san saboda ita nake jan guga ba. Don Allah kada ka gaya mata.

Ka huta lafiya,
Rufaida