Cikin Baffa da Ban Duba Ba

Kankiya, 9 ga Yuli, 1975

Zuwa ga Jamilatu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da abokan karatunki na ungozoma. Yaya Katsina? Ni dai tuwon Kaka na neman ƙarar da ni, miyarta ruwa ce da aka nuna wa kuka daga nesa.

Kada hankalinki ya tashi. Jan bajimin nan na Baffa, wanda kike cewa ya fi ni gata a gidanku, ya soke shi a ciki. An yi masa aiki a asibitinmu, ya kwana goma sha biyu aka sallame shi. Shi ya hana a gaya miki saboda jarrabawarki.

Sabon likitanmu, Ba'indiye, yana wani bincike. Ya lura mutane da yawa da ƙaho ko mota ta ji wa rauni suna barin asibiti da ƙafarsu, daga baya a ji sun rasu a gida, ba wanda ya san dalili. Yanzu duk wanda aka sallama sai mun bi shi gida duk mako biyu, mu buɗe ciwon, mu danna cikin, mu auna zafin jiki, mu cika takarda. Da ya ji Baffa surukina ne, sai ya yi murna ya ba ni ƙauyenku Dudunni, wai abin nema ya samu. Na rasa bakin da zan yi masa bayani.

Ki dage da karatu.

Mijinki,
Sada

Kankiya, 27 ga Yuli, 1975

Jamilatu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki, na ga takardarki, faɗan kuma na karɓa.

Jiya na je Dudunni a keke. Gero ya yi kyau, shanu sun ƙoshi. Na tuɓe takalmi tun daga bakin shinge, na durƙusa inda kika san ina durƙusawa. Baffa ya kau da kai, ni na sunkuyar da nawa. Ya ce jiki ya yi sauƙi, har garke yana leƙawa. Inna ta aiko da fura, ban ga ya taɓa tasa ba. La'asar ma a zaune ya yi ta, kuma ɗakin ya sha turare fiye da yadda na saba ji. Amma kin san tsufa.

Likita ya ji daɗin takardata. Allah ya ƙara sauƙi.

Naki,
Sada

Kankiya, 20 ga Agusta, 1975

Jamilatu,

Ina gaishe ki, ina sake yi miki ta'aziyya. Yaya ƙarin haƙuri? Da fatan kin koma makaranta lafiya.

Kwana bakwai muna wuri guda na kasa faɗa miki abin da zan rubuta yanzu. Sau biyu na je duba Baffa, ban buɗe ciwonsa ko sau ɗaya ba. Ma'aunin zafin bai fito daga jakata ba. Yaya zan ce wa mahaifinki ya ɗaga riga? Shi kuma da ya ce wash a gabana, gara ya mutu, haka kuwa aka yi. A gindin tsamiyar hanya nake tsayawa in cika takardar: ciwo ya bushe, ciki laushi, ba zazzaɓi. Da hannuna na rubuta.

Modibbo, malamin da ya yi masa wanka, ya ja ni gefe. Ya ce cikin ya kumbura ya yi tauri, ɗinkin ya buɗe yana ruwa, Baffa ya naɗe shi da tsohon rawani. Turaren nan wari yake ɓoyewa. Na ji shi da hancina, Jamilatu, na kuma san abin da yake nufi, shekara tara nake wannan aiki.

Na je na faɗa wa likita komai. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce da an kawo shi a makon nan na farko, da wanki da allura mai yiwuwa sun isa. Ya ɗauko sauran takardun ya tambayi kowa dangantakarsa da wanda yake dubawa, sai ga abokin aikina Shehu ma ƙanen surukinsa yake bi a Fakuwa. Da aka tura wani, an tarar da ƙafar mutumin ta fara ruɓa, yanzu yana kwance a nan kuma zai tashi. Mutane na cewa Baffa ya ceci rai. Ni abin bai sanyaya mini zuciya ba.

Na san kwana ne ya ƙare, kowa haka yake ce mini. Amma ke ma aikin asibiti kike koyo, ba zan ɓuya a bayan wannan magana a gabanki ba. Ki yafe mini in za ki iya. In ba za ki iya ba yanzu, zan jira.

Kin sha yabona wurin ƙawayenki cewa shekara shida ban taɓa ɗaga ido na dubi Baffa ba. Gaskiya kika faɗa. Ranar da na fara ganin fuskarsa sosai, ana ja masa likkafani ne.

Ki gaida kowa.

Mijinki,
Sada