Tari Ashirin da Uku

Zuwa ga Mai Ƙararrawa, na shirin Kujera Biyu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da abokin aikinka Gajere.

Ba ka san ni ba. Na rubuto da hannu na bar wa mai askin da ke ƙasan benenku, don na san in ta waya na turo, saƙon zai nutse a cikin na masu yi muku kirari.

Wata huɗu da suka wuce kun zauna a kujerun nan naku biyu kun yi wa wani fim kaca-kaca. Akwai wata dattijuwa mai sayar da zare a ciki, mai yawan tari. Duk tarin da ta yi sai ka buga ƙararrawar keken da ka ɗaure a hannun kujera, Gajere yana ƙirgawa. Kun kai ashirin da uku. Kuka sa mata suna Hajiya Tari, har mutanen layinmu suka ɗauka.

Mahaifiyata ce. Mahaifina ne ya shirya fim ɗin. Tarin kuma ba na wasa ba ne, ciwo ne ya riga ya ci huhunta. Ta rasu makonni shida da suka wuce.

Ba haƙuri nake nema ba, ba ni da inda zan ajiye shi. Fim ɗin nake so. Da abinku ya bazu, Baba ya ji kunya ya sauke fim ɗin daga intanet, ya goge na cikin kwamfutarsa, ya fasa faifan ajiyar da guduma a tsakar gida. Umma kuwa shekara talatin tana ɗinka wa 'yan wasansa kaya, ba ta taɓa yarda ko a waya a ɗauke ta ba sai wannan karon. Muryarta ba ta ko'ina sai a nan. Ku da kuka yi sana'a da ita, ai ba za ku rasa kwafi ba.

Ka ba mai askin, zan biyo in karɓa. Na bar ka lafiya.

'Yar matar da kuke kira Hajiya Tari

*

Zuwa ga 'yar'uwa,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina yi miki ta'aziyya, ke da Baba da duk gidan. Allah ya ji ƙanta, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Sau uku na karanta takardarki a tsaye a shagon mai aski. Ni mutum ne da ko likita na duba ni sai na yi masa barkwanci, amma ranar naɗe takardar kawai na yi na hau sama. Gajere ya karanta, ya ɗauki hularsa ya fita, bai dawo ba sai washegari.

Yanzu ga maganar da ta fi mini nauyi: ba mu da kwafin. Ki bari in gaya miki yadda muke aiki, don kada ki ɗauka rowa ce. Ba ma sauke fim mu ajiye. Muna kunna shi ne kai tsaye a talabijin ɗin da ke tsakanin kujerunmu, kyamara ɗaya na kallonmu, makirufo ɗaya na rataye a jikin fanka. Ba ma kallon fim kafin a fara ɗauka, wai don dariyar ta fito ta gaske. Da wannan muke taƙama. To, sautin fim da surutunmu duk a tukunya ɗaya suke dahuwa, ba a raba su.

Na tambayi duk wanda na sani a harkar ko akwai wanda ya ajiye. Babu.

Abin da nake da iko da shi na yi. Na sauke bidiyonmu daga shafinmu da duk inda muka sa shi, na kuma roƙi masu yaɗawa su cire. Ƙararrawar ma na kwance ta, tana cikin aljihun tebur. Daga yau ba wanda zai ƙara yi wa mahaifiyarki dariya ta hannunmu.

Ki gaishe da Baba, in zai karɓa. Allah ya ba ku haƙuri.

Mai Ƙararrawa

*

Mai Ƙararrawa,

Salamu alaikum. Gaisuwar ke nan, ba ni da wata.

Wa ya ce ka sauke? A ina cikin takardata ka ga na ce ka sauke? Kai dai hannunka ba ya zama wuri ɗaya, in bai buga ƙararrawa ba sai ya danna abin da ba a sa shi ba.

Ban gaya maka ba ne don kunya, amma yanzu dole. Tun bayan rasuwar, kullum da safe Baba yakan zauna a kan keken ɗinkin Umma, ya jingina waya da gwangwanin maɓallai, ya kunna bidiyonku. Minti goma sha tara. Yana jin kuna shewa, yana jin Gajere na kwaikwayon tarinta, ba ya ko motsi. Jira yake ku ja numfashi, don a tsakanin dariyarku akan ji ta ce kalma biyu ko uku. Ya haddace wuraren. In an kusa sai ya kara wayar a kunne.

Na tsani abin nan kamar me. Shi ya sa na nemi kwafi mai tsabta, don ya ji matarsa ba tare da ku a kanta ba.

Shekaranjiya ya kunna, aka rubuta masa babu. Ya kira ni ya ce in duba, ko katinsa ne ya ƙare. Na duba, na gane, na kasa faɗa masa. Yau kwana uku yana zama a kan keken da wayar a hannu, shayinsa na hucewa. Jiya ya tambaye ni, "Yaya ma take cewa in za ta kira ni cin abinci?" Na faɗa masa kalmomin. Ya ce ba kalmomin yake nufi ba.

Ka mayar da shi. Da dariyar, da ƙararrawar, da komai. Na gwammace mutane su ci gaba da yi mana dariya da in ga haka.

Wassalam.

'Yarta

*

Zuwa ga 'yar'uwa,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan Baba ya ɗan samu sauƙin zuciya.

Kin yi gaskiya, ban tambaya ba na yanke hukunci, kamar yadda muka yi tun farko. Ban mayar da bidiyon shafinmu ba, amma yana cikin filashin da ke cikin ambulan ɗin nan, cikakke, Baba ya kalla duk lokacin da ya so. Akwai abu na biyu a ciki, shi nake so in yi miki bayani.

Gajere ne ya tuna. Abin da muke saki ba shi ne duk abin da muka ɗauka ba. Muna yanke duk inda babu dariya mu zubar. Muka juye kwalin tsofaffin katunan kyamara a ƙasa, muka bi su ɗaya bayan ɗaya, kwana biyu. Mafi yawa mun riga mun ɗauki wani abu a kansu. A kati na goma sha ɗaya muka samu ragowar abin da muka ɗauka a ranar.

Na so in goge muryoyinmu da na'ura. Na gwada, sai tata muryar ta koma kamar ana magana a cikin rijiya. Na bari.

Amma akwai wuri ɗaya da ba ya buƙatar gyara. Wurin da take zaune a shagon zaren, tana warware wani ƙulli, tana gaya wa mijinta na cikin fim inda ta ajiye kowane abu a gida, don kada ya sha wahalar nema in ba ta nan. Minti biyu da daƙiƙa goma. Ba mu ce uffan ba, daga ni har Gajere. Za ki gan mu a gefe kamar an dasa mu. Da wurin ya wuce na ce, "Wannan ba abin dariya, a cire." Muka cire, muka saki sauran.

Wannan ne laifin da ya fi ci mini rai. Mun ga abin da ta iya, mu biyu, da idonmu, muka ɓoye wa mutane, muka nuna musu tarin. Shekara shida muna cewa gaskiya muke faɗa a kan fina-finai.

Talabijin ɗin ƙarami ne a hoton, kuma fuskokinmu na ciki, ban iya cire su ba tare da na yanke ta ba. Ki yi haƙuri da ganinmu.

Na bar ku lafiya.

Mai Ƙararrawa

*

Zuwa ga yarana biyu masu kujera,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku, ina yi muku fatan alheri. Ni ne mijin mai zaren.

Saƙo ya iso. Na ji ta. Kai kuma Mai Ƙararrawa, na ga hannunka a kan ƙararrawar minti biyu, ba ka buga ba. Shekara talatin ina yin fim, ban taɓa ganin fuskar mai kallo a lokacin da yake kallo ba sai a kanku.

Maganar da ta yi a wurin nan ba ni na rubuta ba. Na ba ta layi uku, ta ajiye su ta faɗi nata. A lokacin har na yi mata faɗa. Jiya na bi abin da ta ce, na buɗe akwatin ƙarƙashin gado, na tarar da tabarauna na karatu da nake nema tun rasuwarta.

Akwai abin da 'yata ba ta sani ba, za ta karanta a nan kafin ta kawo muku. Marigayiya ta kalli bidiyonku a gadon asibiti. Ta yi dariya har sai da aka ƙara mata iska. Ta ce in gaya muku ba ku iya lissafi ba, ashirin da biyar ne, kun tsallake biyu. Ta kuma roƙe ni kada in taɓa fim ɗin. Ni ne girman kai ya hana ni ji, na ɗauki guduma.

Saboda haka ku sauke wannan kayan laifin, ba naku ba ne duka. Ka mayar da ƙararrawarka inda take. In kun sake yin shiru a gaban aikin wani, ku bar shirun a ciki.

Allah ya yi muku albarka.

Mijinta