Ramin Da Ya Yi Daidai Da Tsayinki

Ya Hinewai, hasken idona, ruwan sanyi mai gangarowa daga tsaunin ƙanƙara, tauraruwar da masunta ke dubawa su gane hanyar gida!

Ki yi haƙuri da rubutun, cikin sauri nake yin sa. Kaicona da ranar da na nuna miki ƙashin nan! Na rantse, dalilin yi miki magana kawai nake nema. Ina bin sawun tunkiya a gindin gaɓar teku, mai tsayi kamar katanga, na gan shi cikin dutse, na ɗauka ƙafar mutum ce, har na cire hula na yi addu'a. Kika zo daga gidan tarihi da 'yar gudumarki, kika yi mini dariya har da hawaye, wai ƙaton fengwin ne, kakan tsuntsayen nan masu tafiya a tsaye, shekararsa miliyan talatin a kwance.

Kin tuna ranar da sauran ƙasusuwansa suka bayyana, kika tone gefensa, kika kwanta a ramin don ku gwada tsayi? Kai da kai, ƙafa da ƙafa, kuka zo daidai. Kina ta kiran sa mijinki na fari, kina ce mini matsoracin makiyayi. Ni kuwa kabari na gani wanda aka auna da jikinki.

Abar ƙaunata, ke kin san ƙashi, ni na san gaɓar nan, a kanta garkena ke kiwo. Tsagar da ke samanta, makon jiya yatsana ne ke shiga, yau da safe hannuna ya shige har gwiwar hannu. Kwana uku ana tafka ruwa! Tumaki ma sun daina zuwa wurin. Ke kuma wai sai kin ƙara kwana huɗu a ƙarƙashinta, filastar da kika lulluɓe ƙashin da ita ta bushe, ki ɗauke shi kafin teku ya cinye. Haba, Hinewai! In teku ya ɗauke shi, ai nasa ne tun asali. Ke fa? Wa zai tono mini ke? Ina zan sake jin dariyar nan?

Ki fito, don Allah ki fito!

Amma na san taurin kanki. In kin ƙi, gobe da ruwan teku ya janye za ki gan ni da shebur. Hannu huɗu sun fi biyu sauri. In kuwa gaɓar ta riga mu ta rufto, ki ɗan matsa mini, ramin zai ɗauki mutum biyu.

Naki, a kan ƙasa ko a ƙarƙashinta,
Paora