Sunan Baba a Manhajar Injin Casa

Yaya Maikano,

Assalamu alaikum. Ya haƙurinmu? Ya Inna da su Rumaisa? Allah Ya jiƙan Baba, Ya kai haske kabarinsa.

Ni lafiya lau a Dubai. Fasfona dai yana hannun mai gidan aikin, shi ya hana ni zuwa ta'aziyya. Kada ka faɗa wa Inna, ka ce mata aiki ne ya yi yawa.

Na ji ruwan sama ya rushe ofishin injin casarmu na Kwanar Dangora, kwamfutar ta lalace. Ka kwantar da hankalinka, babu abin da ya ɓace. Manhajar da na sa mana ba a kwamfutar take ajiya ba, a intanet take. Ka buɗe ta a wayarka, za ka tarar da kayan sito, da sunayen manoman Kiru masu kawo shinkafa, da ranakun fitar motoci. Gobe ma kuna iya tayar da injin.

Ni ma ta nan nake leƙo gida. Kullum da safe nakan ga Baba ya shiga manhajar da ƙarfe bakwai, sai in san ya tashi lafiya. Ran Talatar nan na jira har azahar bai shiga ba. Kafin ka kira ni jikina ya ba ni.

Alfarma ɗaya nake nema, Yaya. Idan za ka gyara jerin ma'aikata, ka bar sunansa. Har yanzu ina dubawa.

Ƙaninka,
Musaddiq