Ku Dasa Mata Tun Mijinta Yana da Rai

Zuwa ga Babban Likita, shugaban asibitin da yake ajiye da ƙwayayen haihuwar surukata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka da aiki, da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka.

Ranka ya daɗe, ni dattijuwa ce a Gwallaga. Na sha zuwa ofishinka, kullum sai a ce kana taro ko ka yi tafiya. Shi ya sa na rubuta a inda jama'a za su gani, ko Allah zai sa wani ya nuna maka. Ban faɗi sunan asibitin ba, domin ba tozarci nake nufi ba, kuma abin da nake nema har yanzu yana hannunku. Da girmana na koyi rubutu a ajin matan aure, in ka ga kuskure ka yi haƙuri.

Maganar ɗana ce, ɗan fari. Ka san uwa ba ta kama sunan ɗan farinta, balle ta kawo zancen haihuwarsa cikin jama'a. Yau dole ta sa na ajiye wannan kunyar.

Na ɗaya. Yaron nan hatsi yake sayarwa a kasuwar Muda Lawal. Ya yi sama da shekara goma da matarsa Maimuna ba su samu ko ɓatan wata ba. Ta sha sassaƙe, ta sha rubutu, ta sha maganganun mutane. Da suka zo wurinku kuka auna su duka biyun, kuka ce ita lafiyarta ƙalau, ƙwayoyin da suke cikin ruwan mijin ne suka yi kaɗan kuma ba su da ƙarfi. Kuka ce akwai hanya: za a ciro ƙwanta, a haɗa da nasa a ɗakin gwaji, in ya haɗu a mayar cikin mahaifarta. Kafin mu amince na je wurin limamin unguwarmu, shi kuma ya tura ni wurin wani malami da ya fi shi karatu. Bakinsu ya zo ɗaya. Suka ce halal ne, matuƙar ƙwan nata ne, ruwan nasa ne, kuma igiyar aure tana tsakaninsu a ranar da za a dasa. Ka riƙe wannan na ƙarshen, ranka ya daɗe, domin a kansa wasiƙar nan take.

Na biyu. Bayan Babbar Sallar bara aka fara yi mata allurai a ciki, kullum, don ƙwan ya nuna da yawa. Ni nake raka ta a Keke Napep in mijin yana kasuwa. Aka ciro ƙwan. Ba a daɗe ba cikinta ya kumbura kamar mai wata bakwai, tana amai, numfashi yana yi mata wuya, fitsari ya ƙi zuwa. Maƙwabta suka fara yi mana barka, ba su san ruwa ne ya taru ba. Kuka ce allurar ce ta yi wa jikinta ƙarfi, kuka kwantar da ita, kuka zuƙe ruwan. A nan ba ni da ƙorafi. Kun tsaya a kanta, kuma na gode. Kuka ce dasawa a wannan halin zai iya kashe ta, don haka za ku daskarar da guda uku da suka haɗu, sai ta warke. Muka ce to.

Na uku. Ta warke tun kafin watan Maulidi. Daga nan muka gane cewa likitan da yake yin dashen ba a Bauchi yake zaune ba, zuwa yake yi daga wani gari, ya haɗa mata da yawa ya yi musu a zuwa ɗaya. Sau uku ana ba mu rana. Duk lokacin sai Maimuna ta fara shan maganin da yake shirya mahaifa, mai sa ta jiri da ciwon kai, ta bar wanki da daka, ta kwanta tana lissafi. Na farko aka ce likitan bai samu zuwa ba. Na biyu aka ce matan ba su kai yawan da zai taso dominsu ba. Na uku aka ce wani ruwan da ake narkar da ƙwan a ciki ya ƙare, an aika a kawo. Sista Ngozi ce nas ɗin da take kiran mu a waya. Mama take ce min, a kiran ƙarshen nan ta ce wallahi ita ma kunyar kira take ji. Ba da ita nake ba. Ita aike take isarwa.

Na huɗu, kuma shi ne ya hana ni barci. A cikin wannan jiran ɗana ya kwanta. Idonsa ya yi rawaya, ƙafafunsa suka kumbura, aka ce hanta ce. Mun kai shi inda za mu iya kaiwa. Bayan azumin bana likitocin can suka kira ƙaninsa gefe suka ce a mayar da shi gida a ci gaba da addu'a. Na san ma'anar wannan maganar, na binne mahaifinsa. Yanzu kunu cokali biyu yake sha ya kau da kai.

Na zo asibitinku na faɗi haka. Yarinyar da take zaune a teburin karɓar baƙi ta yi min murmushi, ta ce in kwantar da hankalina, ƙwan da aka daskarar yana iya yin shekaru bai lalace ba, babu gaggawa. Na san da kyakkyawar niyya ta faɗa. Amma ranka ya daɗe, a wurinku ne yake shekaru. A wurinmu iyakarsa numfashin yaron nan. Na sake komawa wurin malamin, na tambaye shi har sau biyu ko akwai wata kafa. Ya sunkuyar da kai ya ce babu. Ranar da miji ya cika, matar ta shiga takaba, ba a dasa mata. In an dasa yana da rai, ko da kwana ɗaya ne, ɗan nasa ne, da sunansa za a kira shi. In an makara, shi ke nan. Maimuna ma ta ce ba za ta yi abin da malamai suka hana ba, ko da shi ne zai zama ƙarshen rabonta.

Ban ce ku ba ni jika ba. Tun farko kun gaya mana cewa dashen yakan ƙi kamawa, kuma na ji da kunnena. Haihuwa ta Allah ce. Abin da yake ƙona min rai shi ne a ce ba a ma gwada ba, alhali komai yana nan, a ɗaki ɗaya, a garin nan, tafiyar keke daga inda yake kwance.

Ga roƙona.

Ka kira likitan nan da kanka, ka ce masa akwai mace ɗaya da ba za ta iya jiran sauran mata ba. In shi ba zai zo ba, ka nemo wani, ko ka faɗa mana gaskiya ko za a iya ɗaukar ƙwan a kai inda yake, Maimuna ta bi. Kuma don Allah, ko ba don mu ba, ku riƙa tambayar matan da suke jira lafiyar mazajensu. Ba ni kaɗai ce mai irin wannan addinin a layinku ba.

Gaskiya zuciyata ba ta ba ni cewa za a kai ga haka ba. Maganin shirya mahaifa kaɗai yana ɗaukar makonni, ni kuma ina ganin yadda yaron yake ramewa. Da can duk safiya sai ya tambayi Maimuna ko an kira daga asibiti. Tun shekaranjiya bai sake tambaya ba.

Saboda haka ga roƙo na ƙarshe. In Allah ya yi ikonsa kafin ku shirya, kada ku zubar da ƙwayayen nan uku a magudanar ruwa, kuma kada ku sa wa wata mace, jinin ɗana ya tashi a gidan da bai san dangi ba, wata rana ya auri wadda ta haramta gare shi ba wanda ya sani. An ce min ido ba ya ganinsu, a cikin wani ɗan siririn tsinke suke. Ku ba ni tsinken. Zan naɗe shi a farin ƙyalle in binne a bayan ɗaki, yadda muke yi wa ɓari. Kuma in ranar dashen ta samu bayan an yi jana'iza, kada a kira Maimuna a ce mata likita ya iso. Ni za ku kira.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya raya maka zuriyarka, ya sa kada ka taɓa jiran wani a kan ɗanka yadda nake jiranka.

Wassalam.

Iya Ladi,
Gwallaga, Bauchi.